Cikoko: Ƙasar da Rana Ke Kashewa

Wanda ya tashi a unguwannin da ke kewaye da Gobarau a birnin Katsina ba sai an gaya masa abin da ƙasa za ta iya ba. Ga hasumiyar nan a tsaye, tsayinta kusan mita 15, ana danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, kuma ba wani abu ba ce illa ƙasa da aka kwaɓa, aka mulmula tubali, aka bar wa rana ta ƙarasa aikin. Duk sanin maginanmu a kan abu guda ya tsaya: a fitar da ruwa daga cikin ƙasa, a hana shi komawa. Don haka ake yaɓe kafin damina, don haka ake shafa makuba, don haka ake kafa indararo. A wurinmu ƙasa mai amana ita ce busasshiya. Da wannan sani na tafi jihar Ribas, na tarar da mutanen da ƙasarsu ba ta zama lafiya sai ruwan teku yana rufe ta sau biyu kullum, kuma sun san ta ciki da bai, sun faɗaɗa garuruwansu da ita tun kafin Bature ya zo da siminti.

Ziyara ce ta kai ni Fatakwal, wurin ɗan yayata da ke sayar da albasa da doya a gefen kasuwar Creek Road, inda 'yan Arewa suka daɗe da zama. Garin kansa yaro ne idan aka gwada shi da Katsina, domin a 1912 Turawa suka kafa shi don su sami tashar fitar da kwal ɗin Inugu. Amma a bayan kasuwar, inda titi ya ƙare, akwai wata rayuwa da ta girmi garin nesa ba kusa ba. Ɗan nawa ya ce, "Kawu, in ka koma gida ba ka shiga ruwan nan ba, ai ba ka zo ba." Shi ya haɗa ni da wani abokin cinikinsa, mutumin Okirika, malamin kimiyyar ƙasa a ɗaya daga cikin jami'o'in garin, mai fara'a da haƙurin amsa tambaya. Da shi muka shiga kwalekwale mai inji.

Ba mu daɗe da barin gaɓa ba sai gidaje suka ɓace, kurmi ya rufe mu dama da hagu. Itace kusan iri ɗaya har iyakar ganin ido, mutanen wurin suna kiransa angala. Ban taɓa ganin itace mai irin tsayuwarsa ba. Saiwoyinsa daga jikin ganga suke fitowa, wasu sama da kan mutum, su lanƙwaso su caki taɓo, wasu ma daga rassa suke zubowa. Ta jikinsu yake shaƙar iska, domin taɓon da yake tsaye a ciki babu iska ko kaɗan. Ɗansa kuwa tun yana jikin uwa yake tsira, ya yi tsawo ya yi tsini, in ya faɗo ko dai ya kafe a laka nan take, ko ruwa ya tafi da shi ya dasa a wani wuri. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka faɗin irin wannan kurmi, kuma mafi yawansa a nan yake, inda kogin Neja ya rarrabu kafin ya faɗa teku.

Na ɗebi ruwan na ɗanɗana. Ruwan zartsi ne, bai kai na teku ba, ba ya kuma shawuwa. Na teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita. Wannan kuwa gamin gambiza ne na teku da na kogi da na sama, gishirinsa ya hau da rani, ya sauka da damina. A Boni ruwan sama yana wuce milimita 4,000 a shekara, alhali mu a Katsina in mun sami 600 zuwa 700 sai mu gode wa Allah. Sau biyu a yini da dare teku take turo ruwa cikin rafukan nan, sau biyu take janye shi, kuma kowace rana lokacin yana jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Mai tuƙa mu ba Musulmi ba ne, amma da na tambaye shi yau nawa ga wata, bai tsaya tunani ba ya faɗa, kuma ya yi daidai da lissafin da na baro a gida. Dole ya sani. Ranar da ya ɓata lissafi, jirginsa a kan taɓo zai yini.

Da ruwa ya janye sai ƙasar ta fito, baƙa wuluk, tana sheƙi, ko'ina motsi. Ƙananan ƙaguwoyi suna shiga ramuka suna fita. Wasu kifaye masu idanu a tsakiyar ka suna tsalle a kan laka, sun baro ruwa suna harkarsu. Kawa ta manne a saiwoyin angala jere-jere. Mata sun nutse har gwiwa da kwanduna suna tsintar isam, wani ɗan ƙaramin dodon koɗi mai tsini da ake zubawa a miya. Wurin da ɗan tudu zai kalla ya ce caɓi ne kawai, su a nan suke samun cefane da kuɗin makarantar yara.

A wani lungu kusa da Okirika muka iske masu yankan wannan baƙar ƙasa da suke kira cikoko, kuma a nan na fi daɗewa. Samari ne, ba riga, laka har wuya. Ɗaya yana saran ƙasar da shebur mai kaifi, yana fitar da ita gunduwa-gunduwa, kowace ta kai girman bulo ko ta fi. Wani yana karɓa ya miƙa, wani yana jerawa a cikin kwalekwale har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Sauri suke yi ba hira, don sa'o'i kaɗan gare su kafin teku ta dawo ta rufe ramin. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne gunduwar ba ta wargajewa. Na sa hannu biyu na ɗauki ɗaya, ruwa na tsiyaya daga jikinta, na juya ta sama da ƙasa, ba ta rabu ba. Da na ɓare ta sai na ga dalili. Cikinta siraran saiwoyi ne ja-ja-ja, dubbai, sun sarƙe da juna, laka ta cike tsakaninsu. Maginin Katsina yana zuba yankakkiyar ciyawa a cikin ƙasa ya tattake don tubalinsa ya kama. A nan angala ce ta yi wannan aiki da kanta, tsara bayan tsara, kowace ta mutu ta bar saiwoyinta a inda suke.

Da wannan gunduwa suke samar da ƙasa a inda babu. Mutum zai zaɓi wuri a bakin ruwa, ya jera cikoko ya ja katanga, ya cike ciki da wata cikokon, ya bar ta ta zauna ta motse, ya ƙara, sannan ya bi saman da yashi da ɓawon isam. Kafin ka ankara, inda kwalekwale ke wucewa ya zama tsakar gida. Haka aka faɗaɗa Okirika da Buguma, haka aka samar da unguwannin bakin ruwa na Fatakwal irin su Bundu da Marine Base, inda dubban talakawa ke zaune. Ɓawon isam ma ba a zubar da shi, yana maye gurbin tsakuwa a kankare, domin a wannan yanki babu dutse ko na jifa. Mu da muke gadon gona daga kakanni, mu yi ta shari'a a kan iyakarta, ya kamata mu jinjina wa mutumin da ya ɗauko filin gidansa a kwalekwale, gunduwa bayan gunduwa.

A nan zan ɗan yi ƙorafi a kan mu kanmu. Da yawa daga cikinmu duk wanda ya fito daga wannan sashe sunansa ɗaya a bakinmu. Waɗannan mutane kuwa Ijo ne: Okirika, da Kalabari, da Ibani na Boni, da Nembe, kowa da masarautarsa da tarihinsa. Daga Boni Sarki Jaja ya fita ya kafa Opobo a 1870. Ba ma jin daɗi in an kira Bakatsine da Babarbare da Banufe da suna ɗaya, to bai kamata mu yi wa wasu ba.

Malamin ya ce mini, "Malam, ba duk taɓon da ka gani ne cikoko ba. Dubi itatuwan, za su gaya maka." Da na duba sai na lura. A bakin rafi angala dogaye ne, masu kauri. Da an shiga ciki kaɗan sai su zama gajeru, tsugunannu. Dogayen suna tsaye a kan sabuwar laka mai laushi da ruwa ke ajiyewa kullum, wadda in ka taka za ka nutse har cinya. Gajerun suna kan cikoko, wadda ta tsufa, ta cika da zare, tana ɗaukar nauyin mutum, amma abincinta ya yi ƙaranci. Kashi na uku shi ne yashi mai gishiri, a kusa da bakin teku. Cikoko ce ta fi yawa a cikin ukun. An fara bin ƙasar yankin da awo sosai a zamanin Hukumar Raya Neja Delta ta farko, wadda aka kafa a 1961 bayan rahoton kwamitin Willink na 1958, kuma rahoton da wani masani mai suna Anderson ya rubuta mata a 1967 har yau ɗalibai na komawa gare shi.

Daga nan ya nuna mini yadda masana na duniya ke kasa irin wannan ƙasa, kuma abin da ya burge ni shi ne matakin farko da hannu ake yi. Ya ɗebi ɗan dunƙule, ya murza tsakanin babban yatsa da manuni, ya buɗe. Idan bayan murzawa kashi biyu cikin biyar ko fiye na abin da ya rage zare ne da ido ke gani, wannan ɗanya ce, ba ta ruɓe ba, ana ce mata fibirik. Idan zaren bai kai kashi ɗaya cikin shida ba, ta zama baƙin kwaɓi mai santsi, ta ruɓe sarai, ita ce safirik. Ta tsakiya ita ce hemik, kuma nan mafi yawan cikoko ta faɗa. Tun a shekarun 1920 wani masani ɗan Suwidin, Lennart von Post, ya tsara ma'auni mai hawa goma na matsa irin wannan ƙasa a tafin hannu: a hawa na ɗaya ruwa garau ke fita ta tsakanin yatsu, a na goma duk ƙasar ce ke tsiyayewa, ba abin da zai saura. A tsarin da Amurka ta fitar a 1975, wanda jami'o'inmu ke koyarwa, ba a kiran ƙasa histosol, wato ƙasar da tsiro ya gina, sai kaurin wannan shimfiɗa ya kai santimita 40, kuma ragowar tsiro ta kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na nauyinta, gwargwadon yawan lakar da ke ciki. Wata cikokon tana cika wannan sharaɗi, a kira ta salfihemis. Wata kuwa laka ta rinjaye ta, sai a sa ta cikin salfakuwen. Taku goma na iya raba su.

Na tsaya a kan wannan adadi ina tunanin jigawarmu. Gonakin da ke kewaye da Katsina ragowar tsiron da ke cikinsu ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Manomi ya kai taki da jaki ko da amalanke, kafin shekara biyu zafi da iska da gara sun cinye. A can kuwa saiwar da ta mutu tun zamanin kakan kaka tana nan da zarenta, domin ruwa ya toshe ko'ina, iska ba ta shiga, ƙwayoyin da ke ruɓar da abu ba sa iya aiki sai a hankali. Ga kuma sinadarin jima a jikin angala, dangin wanda majemanmu ke samu a bagaruwa, yana ƙara hana ruɓa. Milimita kaɗan ƙasar ke ƙaruwa a shekara. Gunduwar da saurayi ya sare cikin ƙiftawar ido ta girmi kakansa.

Sai maganar wari. Tun da aka sari gunduwar farko na ji shi, warin ruɓaɓɓen ƙwai, har na kauda kai. Malamin ya yi dariya ya ce wannan warin shi ne sirrin ƙasar. Ruwan teku yana ɗauke da gishirin farar wuta. A cikin taɓon da babu iska akwai ƙwayoyin halitta da ke rayuwa da wannan gishiri, suna cin matattun saiwoyi, suna fitar da iskar da na ji. Iskar tana haɗuwa da ƙarfen da koguna suka kawo cikin laka, su zama wani ma'adini da ake kira fairait. Muddin ruwa na rufe da shi, kwance yake, ba ya cutar da kowa. Ranar da aka datse teku, aka yashe ruwa, rana ta bugi ƙasar, iska ta shiga, sai ya rikiɗe ya zama asid mai ƙuna, irin na batirin mota. A ma'aunin tsami na pH ɗanyar cikoko tana kusa da 7, wato tsaka-tsaki. In ta bushe sai ta faɗo ƙasa da 4, wani lokaci har wajen 3. Daga nan alminiyam da ƙarfe su narke su shiga ruwa, saiwar shuka ta ƙone, kifi ya mutu. Gwajin ma mai sauƙi ne: a shimfiɗa ƙasar kaurin santimita ɗaya, a bar ta da danshi tana shan iska, a yi ta aunawa mako bayan mako a ga ko za ta faɗo zuwa 4. Ya kai ni jikin wata tsohuwar katangar cikoko, ya karce da wuƙa, ya nuna mini ɗigo-ɗigo rawaya a bin hanyar tsofaffin saiwoyi, da ruwa mai jan tsatsa yana tsatsafowa daga gindi. Ko ciyawa ɗaya babu a jikinta.

An sha koyon wannan darasi da asara. A Rokupur ta ƙasar Saliyo, inda aka kafa tashar binciken shinkafa a 1934, an gano cewa filin da angala mai dogayen saiwoyi ta taɓa tsayawa, da an killace shi ya bushe sai ya yi tsamin da shinkafa ba ta ɗauka, alhali filin wani nau'in itacen daban, mai ƙananan saiwoyi masu tsirowa sama, bai kai shi lalacewa ba. A Buguma ma, inda aka haƙa tafkunan kiwon kifin ruwan zartsi a shekarun 1960, an yi fama da tsamin da ke sauka daga katangun tafki. Maganin shi ne a yi ta wanke ƙasar da ruwan teku, a bi ta da farar ƙasa. Manoman Balanta na Gini Bisau sun daɗe da sanin haka ba tare da ɗakin gwaji ba. Suna datse teku su bar ruwan sama ya wanke gishiri su shuka shinkafa, amma da rani sukan buɗe madatsar su bar ruwan gishiri ya shiga, don kada ƙasar ta bushe har ƙasa. Mutanen Okirika su ma sun raba aiki: cikokon da aka fitar ta gini ce, ba ta noma ba, wadda ke cikin kurmi kuwa a bar ta a ruwanta, ita ke ciyar da isam da kawa da jatan lande da 'ya'yan kifi.

Na ƙarasa har Boni, amma ban daɗe a cikinta ba. Ga masana'antar iskar gas da ta fara fitar da kaya a 1999, ga manyan jirage, ga gandun Finima da aka keɓe. A hanya ne na ga abin da ya sosa mini rai: wuraren da angala ta mutu a tsaye, saiwoyi baƙi ƙirin da ɗanyen mai. Cikoko tana shan mai ta riƙe, kuma tunda iska ba ta shiga, man ma ba ya saurin ruɓewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya ce farfaɗo da yankin na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. A Bodo, inda mai ya malala a 2008 da 2009, sai a 2015 aka biya diyyar fam miliyan 55. Ga kuma wani baƙon itace mai kama da kwakwa, nifa, da aka kawo Kalaba daga Singafo a 1906. Duk inda aka sare angala shi ke mamayewa, kuma masunta sun ce a ƙarƙashinsa ba a samun abin kirki. Duniya yanzu ta farga da cewa irin wannan ƙasa rumbun kabon ce. Wani bincike na 2011 a gaɓar Asiya da tsibiran Fasifik ya sami kimanin tan 1,000 a kowace hekta, mafi yawansa a cikin taɓo, ba a jikin itace ba. In aka yashe ta, duk wannan sama yake tafiya ya ƙara zafin da mu 'yan bakin hamada muka fi kowa ji a jika. Na ga matasa suna dasa 'ya'yan angala a jere a wani fili da aka share daga mai, laka har ƙugu, kuma na yi musu addu'a.

Kada wani ya ce wannan ba ruwanmu. Kogin Gada da aka datse a Jibiya yana shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya dawo ya faɗa Rima. Karaduwa ma can take nufa. Rima ta haɗu da kogin Sakkwato, su shiga Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lokoja, su gangara teku. Da lakar da waɗannan koguna suka yi ta ɗauka tun fil azal aka gina Neja Delta, har da jan ruwan da ke wanke gonakinmu a watan Agusta. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ga su Goronyo da Zobe da Jibiya, wani kaso na lakar a bayan madatsu yake kwanciya, ba ya isa inda ake jiransa.

Don haka ina kira ga malaman aikin gona na Samaru da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma: kada ɗalibi ya gama karatun kimiyyar ƙasa yana sanin histosol a allo kawai. A haɗa kai da jami'o'in Fatakwal, a kai yara su murza cikoko da hannunsu, su ji warinta, a kuma gayyato 'ya'yan Okirika su zo su ga jigawa da fadama da yadda ake mulmula tubali. Ku kuma 'yan'uwa da ke kasuwanci a Fatakwal shekara da shekaru ba ku taɓa wuce bakin ruwa ba, ku ware yini guda ku shiga. Ku tambayi mai jirgi lokacin da ruwa zai janye, ku sa rigar kariya, ku tafi da takalmin da ba ku jin asararsa.